Ranar da Malam Ya Ɗaga Butar Shayi

Ranar Talata ce, kuma ita ce ranar farko da Malam ya tashi daga zazzaɓi. Ya kusa mako a kwance. Bayan sallar asuba na ji shi yana hura gawayi a tsakar gida. Na leƙo na ce masa, mutumin da jiya ko kunu sai an tallafe shi yake sha, yau shi ne a gaban kurfoti? Ya ce jiki ya yi sauƙi, kuma mutanensa sun kwana biyu ba su sha shayin kirki ba.

Malam mijina ne. A Azare ba mai kiran sunansa na yanka, Mai Shayi ake ce masa. Teburinsa yana bakin hanyar Gadau, daidai inda gari ya ƙare gonaki suka fara, jifa ɗaya daga shingen sojoji. Gidan da muke haya yana layi na biyu a bayan teburin. Mu uku ne a ɓangarenmu: ni, da shi, da mahaifiyarsa Inna, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun bara waccan. Allah bai ba mu haihuwa ba. A ɗakin da ke kallon namu akwai Madam Rahila, 'yar Bogoro, ma'aikaciyar gwamnati da aiki ya kawo ta garin ita kaɗai. Murhunmu ɗaya da ita.

Mutanensa da yake faɗa su ne sojojin shingen. Ni surukansa nake ce musu, don ko gidanmu bai taɓa kai gaisuwa yadda yake kai musu shayi ba. Daga bakinsa na san halinsu. Ƙarami ba ya kai kofi baki sai babba ya kurɓa. Ba sa zama su ba titi baya. In ka tambaye su yaushe za su je gida, sai su yi dariya su ce oda ba ta zo ba. In ka tambaye su dalilin wani abu, sai su ce su ma ba su tambaya ba. Malam yana ba ni waɗannan labarai kamar shi ma kakin ne a jikinsa, ni kuwa ina tankaɗe ina cewa to.

Babbansu a wurin Sajan Bitrus ne, dogon mutum mai furfura a gefen kai, mutumin Filato. An kawo shi da cewa 'yan watanni zai yi, sai ga shi ya ga damina biyu a gindin darbejiyar nan. Shi kaɗai na sani a cikinsu, don ya taɓa shigowa da Sallah ya durƙusa ya gaida Inna. Sauran ban san fuskarsu ba, kuma ba ni kaɗai ba. Tun da aka fara tashin bama-bamai a kasuwanni, dokar shinge ta zama ɗaya. Mai babur ya sauka ya tura. Mai ƙafa ya ɗaga hannu sama. Kowa ya sunkuyar da kai ya wuce. Kaki ake gani da bakin bindiga.

Akwai maganar da ke tsakanin Malam da Sajan. Wata rana da aka yi raɗe-raɗin mutanen daji za su shigo, Malam ya kai kukansa, ya ce shi da tsohuwa gurguwa ina zai nufa. Sajan ya ce gudu cikin jeji da tsohuwa halaka ce. Ya nuna masa ramin da suka haƙa a bayan buhunan yashi, ya ce in abu ya ɓaci ya kawo iyalinsa nan. Amma ya ce kada ya zo hannu biyu, don a cikin hayaƙi ba a gane fuska. Ya ce Malam ya ɗauko butar shayinsa ya ɗaga ta sama, ya buga murfin. Yaransa duka sun san butar nan, ba mai harbin mai ita.

Babbar butar ƙarfe ce fara, mai jan tsumma a ɗaure a hannunta. Malam ya maimaita mana maganar har na haddace. Ya faɗa wa Madam Rahila. Ya faɗa wa rabin layinmu. Na ce masa wata rana sai ka yi shela a masallacin Juma'a. Amma gaskiya ni ma na samu natsuwa da ita. Ina kwanciya da sanin cewa muna da wurin zuwa.

Da safen nan, yana zuba citta da kanumfari, na ce masa surukan naka ko leƙe ba su yi ba duk kwanakin da ka yi a kwance. Ya ce aiki ne, soja ba ya barin wurin tsaronsa don zazzaɓin mai shayi. Na ce ka dai kare su. Na shiga na wanke wa Inna fuska, na ba ta koko. Madam Rahila tana goge takalminta a bakin ƙofa. Mai burodi ya kawo, ya ajiye a zaure, ya tafi.

Hantsi ya fara ɗagawa lokacin da ƙara ta farko ta zo. Daga cikin gari ta taso. Ba a kunne na fara jin ta ba, a ƙafa na ji. Kwanon rufi ya girgiza, ƙasa ta zubo a kan kokon Inna. Tattabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Sai shiru, irin wanda ko kaza ba ta motsi.

Sannan harbi. Iri biyu ne. Akwai mai sauri, ba ƙaƙƙautawa, akwai mai nauyi da ke zuwa ɗaya-ɗaya. Bayansa ƙarar babura, da yawa, suna zagaye. Hayaƙi baƙi ya miƙe ta wajen kasuwa. Warin taya ya iso mu. A layi mutane suka fara gudu, wasu yamma wasu gabas, suna karo da juna. Wani ya wuce ƙofarmu yana ihu.

“Suna bin layi-layi! Ku fita!”

Malam bai yi gaggawa ba. Ya sauke butar daga wuta, ya tuntsurar da shayin a ƙasa. Tururi ya tashi, ƙamshin citta ya cika gidan. Ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙo mini, don yana son hannunsa biyu. Ya ce in goya Inna. Ya ce mu biyo shi amma mu bar tazara. Na durƙusa, Madam Rahila ta ɗora mini ita, na ɗaure da zani biyu. Ba ta da nauyi, ƙasusuwanta ne dai ke sukata a baya.

Muka fito. Wasu daga cikin maƙwabta da suka ga butar a hannunsa suka biyo mu, don sun san maganar. Akwai matar tela da jaririnta, akwai wani dattijo mai sayar da goro. Harbin yana matsowa ta bayanmu. Wani abu ya bugi katangar da muka wuce, ƙasa ta watso mini a wuya. Inna ta fara addu'a da Fulatanci, abin da ba ta yi sai ta tsorata.

Tsakanin katangar ƙarshe da shingen fili ne, ba bishiya ba rumfa, sai teburin Malam a kife kamar yadda ya bar shi. Ya ce mu tsaya a jikin katanga sai ya yafito mu. Ya fita shi kaɗai. Ciwon ya rame da shi, rigarsa tana lilo a jikinsa. Ya ɗaga butar da hannu biyu har saman kansa. Rana ta doke ta, ta yi walƙiya. Ya sauke hannu ɗaya ya buga murfin. Na ji ƙarar sarai duk da harbin.

Aka daka tsawa daga bayan buhuna, da Turanci. Ba muryar Sajan ba ce. Sai wani ya maimaita da gurɓatacciyar Hausa.

“Tsaya nan!”

Ya tsaya.

“Ajiye abin nan! Kwanta ƙasa!”

“Sajan! Ni ne! Mai Shayi ne!”

Ya ƙara ɗaga ta, ya sake buga murfin. A lokacin ne na yi abin da ban taɓa yi ba, na kalli fuskokin da ke shingen. Na nemi dogon mutum mai furfura. Babu shi. Samari ne, hulunan ƙarfe sun yi musu yawa, idanunsu a waje. Motar ita ce dai, buhunan su ne dai, darbejiyar tana nan. Mutanen ne ba su ba. Na buɗe baki in kira shi ya ajiye. Ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya.

Ba harbi ɗaya ba ne. Duka suka buɗe wuta tare. Butar ta fice daga hannunsa, ta faɗi a kwalta tana gangarawa. Malam ya zauna tukuna, kamar wanda ya gaji, sannan ya kwanta ta gefen dama. Suka ci gaba da harbin butar har ta daina motsi. Suna jira ta fashe. Ba ta fashe ba.

Ban yi ihu ba. Na dai saki katangar na nufi filin da Inna a bayana. Madam Rahila ta damƙi zanin goyon ta fizgo ni har muka faɗi tare. Harsashi ya fara cin katangar a saman kanmu.

“Gona! Ku shiga gona!”

Dattijo mai goro ne ya faɗa. Da rarrafe muka tsallaka kwatar bayan layi muka faɗa cikin dawa. Lokacin kaka ne, an yanke gero, dawa ta fi mutum tsayi. Ita ta rufa mana asiri. Matar tela ta yi wani wajen, dattijon ya yi wani. Ban sake ganinsu ba a ranar. Muka rage mu uku.

Muka bi tsakanin kunya muka yi arewa. Ganyen dawa yana yankar fuska. Ƙarangiya ta cika mini zani. Takalmina ɗaya ya tsinke, na yar da ɗayan. Madam Rahila tana gaba tana buɗe kara, takalminta da ta goge da safe yana hannunta, ta manta ta sa. Numfashinmu kawai nake ji da harbin da ke raguwa a baya.

Inna ba ta gani sosai, kuma fuskarta tana cikin wuyana lokacin da abin ya faru. Rana ta take tsaka lokacin da ta tambaya.

“Ina wancan?”

Malam ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba. Wancan take cewa. Na ce yana tafe a baya. Da muka ƙara nisa ta sake tambaya, na sake ce mata yana tafe. A karo na uku ba ta tambaye ni ba. Ta ɗaga kai daga wuyana ta kira sunansa na yanka, da ƙarfi, cikin dawa. Shekarun da na yi a gidan ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Madam Rahila ta juyo ta rufe mata baki da tafin hannu, tana kuka tana ce mata yi haƙuri Inna, za su ji mu.

Azahar ta same mu a bakin wata rijiya. Ba guga. Madam Rahila ta kwance ɗankwalinta ta ɗaura a kara ta zura, muka matse a bakin Inna, sannan namu. Na sauke goyon a karo na farko. Bayana ya jiƙe, ban san ko gumi ne ko fitsarinta ba, ban duba ba. Na yi taimama na yi salla a zaune. Ban san raka'a nawa na yi ba. Jirgi ya wuce sama ya nufi Azare, muka kwanta a kunya har ƙararsa ta ɓace.

Wajen la'asar muka fito wani burtali. Wani Bafulatani da amalanken shanu yana ɗauke da karan gero. Ya dube mu ya tsayar da shanun. Inna ta yi masa magana da yarensu, ya sauko ya gyara mata wuri a kan karan. Ni da Madam Rahila muka bi amalanken a ƙafa. A hanya muka riski wasu mutanen Azare, da katifu da yara da akuya. Kowa yana ba da labarin abin da ya gani. Ni ban ba da nawa ba.

Ana kiran magariba muka shiga Gadau. Yayana Adamu yana tsaye a bakin tasha tun rana, yana leƙa duk motar da ta tsaya. Ya gan mu mu uku. Ya dubi bayanmu. Sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya karɓi Inna ya ɗauke ta kamar yarinya.

Da aka buɗe hanya Yaya Adamu ya tafi neman gawa. Ya dawo bayan la'asar hannu biyu. A shingen ba a bar shi ya matso ba. Inda aka tura shi, aka ce duk wanda ya faɗi a gaban shinge ranar nan mahari ne, kuma an kwashe su. Wani dattijon unguwarmu ya ja shi gefe ya ce kada ya sake tambaya, don mai tambayar gawar mahari shi ma sai an tambaye shi. A wurin dattijon ya ji cewa tun cikin kwanakin da Malam ke kwance aka canza sojojin. Mota ta kawo sababbi daga wani fagen da aka kashe musu mutane da yawa, ta kwashe tsofaffin. Ba sanarwa, ba sallama.

Labarin da ya bazu a gari shi ne an harbe wani mai ɗauke da bam a hanyar Gadau. Waɗanda suka san gaskiya suna da yawa. Sun sha shayinsa, wasu sun tsaya a jikin katangar nan tare da ni. Ba wanda ya fito ya faɗa. Ba na zarginsu, kowa yana da 'ya'ya. Amma abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi.

Ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da zan ce ga shi. Yaya Adamu ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don masu ta'aziyya. Mutanen Gadau suka zo, don shi suka zo. Daga Azare ba wanda ya tako. Madam Rahila ce ta zauna a gefena ta rufe kanta da mayafina har aka yi sadakar uku. Daga nan 'yan uwanta suka aiko mota ta koma Bogoro. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta daɗe, ta ce Yaya Hauwa, ni dai na gani da idona. Ba ta dawo Azare ba.

Na shiga takaba a ɗakin baya tare da Inna. Ba ta sake tambayata ba, ni ma ban faɗa mata ba. Muna kwana ɗaki ɗaya, kowacce ta san abin da ɗayar ta sani. Ta daina cin tuwo, ta koma kunu, sannan ruwa. Ba ta kai ƙarshen takabata ba. Ita ta samu wanka da likkafani, na yi mata da hannuna.

Ana saura 'yan kwanaki in fita, da rana tsaka, wayar Malam ta yi ƙara. Tun ranar nan tana ƙarƙashin matashina. Baƙuwar lamba ce. Na ɗauka na kara a kunne. Iska tana kaɗawa a can, layin yana yankewa.

“Mai Shayi! Kana raye kuwa? Ni ne Sajan. Inda suka kawo mu ko ruwan zafi babu.”

Dariya yake yi. Na ce matarsa ce. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi jikin Inna, ya ce sai yau aka mayar musu da wayoyinsu. Ya ce in ba shi Malam.

Na daɗe ina shirya abin da zan faɗa wa mutumin nan in Allah ya haɗa mu. Zagi ne mafi yawa. Amma da lokacin ya zo, abu kaɗan ne ya fito.

“Ya zo da butar, Sajan. Ya ɗaga ta sama, ya buga murfin, kamar yadda ka ce.”

Na zaci layin ya katse. Can ya yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba. Ya ce ranar da aka kwashe su, yana cikin mota ya hangi teburin a kife. Ya roƙi a ba shi izini ya leƙa gidanmu, aka ce ba a faɗa wa farar hula motsin soja. Ya ce wanda ya karɓe shi, buhuna da harsashi da yawan motocin da ke wucewa kawai aka ce ya danƙa masa. Maganar buta ba oda ba ce, tsakaninsa da Malam ce. Ya so ya faɗa, ana ta busa usur a hau mota.

“Uwargida,” ya ce, sai ya kasa ƙarasawa.

Na ce masa Inna ma ta rasu. Na ce Allah ya tsare shi a inda yake. Da gaske na faɗa, don na ga duk duniya daga ni sai shi muka rage da za mu iya furta dalilin da ya sa Malam ya ƙi ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce zai sake kira. Bai sake ba, kuma lambar ba ta shiga.

Mu uku muka fito daga gidan nan da safe, da Madam Rahila huɗu. Yanzu ina Gadau a ɗakin baya, ina yi wa matar Yaya Adamu surfe. Ranar da na fita takaba wata tsohuwa da ba ta san labarin ba ta ce in je in ziyarci kabarin mijina kamar yadda ake yi. Na yi wanka na sa sabon zani, na fito ƙofar gida. Na tsaya ina duban hanya. Sai na koma ciki.